Idan ma'aikatan kamfanin waya suka shiga yajin aiki, sabis zai ɗauke?

Tambaya: Malam, ina yawan jin ma'aikatan kamfanonin sadarwa sun tafi yajin aiki kan albashi da korar abokan aikinsu. Ranar da suka ajiye aiki, kira da data za su tsaya ke nan?

Amsa: A'a. Zamanin da ma'aikaci ke zaune gaban allo yana haɗa mai kira da wanda ake kira ya wuce tuntuni. Yau na'urori ke haɗa kira, su cire kuɗi, su raba data, ba hannun kowa. Kwana ɗaya ko biyu da wuya ka lura da komai.

Matsalar tana wajen gyara. Turken sadarwa da wuta yake aiki. In ta ɗauke, batir ya riƙe shi na 'yan sa'o'i, daga nan sai janareta, shi kuma sai an kai masa mai. Ko masu aikin hanya su tsinke wayar da aka binne, babu mai zuwa ya haɗa. Turke ɗaya ya mutu, wayoyin yankin su rufar wa na kusa, ya cika, sai ka ga sandunan sabis a cike amma hoto ya ƙi buɗewa. Haka ɓarnar ke taruwa kullum. A 2016 ma'aikatan kamfanin sadarwa na Verizon kusan 40,000 sun yi sama da makonni shida suna yajin aiki a Amurka. Layuka ba su mutu ba, domin kamfanin ya tura manajoji da 'yan wucin gadi bakin aiki, amma masu jiran a ja musu intanet zuwa gida sun sha jira.

Tambaya: To kowa na sayen data, me ya kawo rage ma'aikata?

Amsa: Amfani da data ya ninka, amma kuɗin da ake biya a kan kowane gigabait sauka yake yi. Sannan ita kanta fasahar tana cin guraben aiki. Tsohuwar wayar jan ƙarfe ruwa na shigarta, tana lalacewa, kullum tana neman mai gyara. Wayar fayiba, wadda haske ke bi ta cikin zaren gilashi, ba ta da wannan yawan laulayi. Da an gama shimfiɗa ta, masu shimfiɗar da masu gyaran tsohuwar duk aikinsu ya ragu.

Dubi BT, kamfanin sadarwa na Birtaniya. A Yulin 2022 ƙungiyar ƙwadago ta CWU ta fitar da ma'aikata kusan 40,000, yajin aikin gama-gari na farko a kamfanin tun 1987, saboda ƙarin albashi na fam 1,500 a shekara da aka yi musu bai kamo tsadar rayuwa ba. Kafin shekarar ta ƙare sun sami wani ƙarin. Amma a Mayun 2023 kamfanin ya sanar zai rage guraben aiki har 55,000 zuwa 2030, kusan 10,000 daga ciki ƙirƙirarriyar basira (AI), wato manhajar kwamfuta mai kwaikwayon tunanin mutum, za ta gaje su. A ganina wannan ne ya fi ci wa ƙungiyoyin tuwo a ƙwarya, fiye da maganar albashi, domin duk aikin da na'ura ta karɓe, ƙarfin yajin aikinsu ne ya ragu.

Tambaya: In aka sanar da yajin aiki, me zan tanada?

Amsa: Sayi datarka da wuri, ka sauke abin da kake bukata a waya. In kana da layin da ke neman gyara ko sauyin sim, yi shi kafin ranar, don masu amsa kiran kwastoma na cikin waɗanda ke fita. Layi na biyu na taimakawa, sai dai kamfanoni da yawa turke ɗaya suke haya, in ya mutu tare za su ɗauke. Kuma duk saƙon da ya ce ka danna wani wuri a biya ka diyyar yajin aiki, goge shi, 'yan damfara ne.