Mota ta matse ƙanena da bango, amma bai zubar da jini ba

Tambaya: Likita, ƙanena yaron mota ne a Kwangila, Zariya. Jiya da yamma yana yi wa direbansu hannu, motar na ribas, sai ta matse shi da bango. Ya miƙe da ƙafarsa, ko ɗigon jini babu. Yau yana kukan ciki da kafaɗar hagu, fitsarinsa ya koma kamar ruwan shayi. Baffanmu ya ce a kai shi wurin mai ɗori. Hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Malam, ku ɗauke shi yanzu zuwa sashen gaggawa na asibitin koyarwa da ke Shika. Sauran bayanin ka karanta a hanya.

"Ai bai zubar da jini ba." Wallahi maganar nan ta ishe ni. Wanda mota ta matse, a cikin ciki jininsa yake taruwa. Saifa tana ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, in ta tsage takan yi ta tsiyaya a hankali, zafin kuma sai a ji shi a kafaɗar hagu, daidai abin da ka faɗa. Jinin babban mutum kimanin lita 5 ne. Matashi mai jini a jika yana iya rasa kusan kashi 30 cikin ɗari yana tafe yana gaisawa da jama'a, a gwada shi da abin auna hawan jini ma a ce ƙalau. Can sai leɓe ya yi fari fat, zufa mai sanyi ta karyo, ya dinga roƙon ruwa, ya yanke jiki ya faɗi. Sannan ne ake kwaso mana shi a keke ana salati, ana cewa jiya ma ya ci tuwo.

Fitsarin nan kuwa, ko ƙoda ce ta bugu, ko naman da ya murƙushe ne ke sakin dauɗar da ke toshe ta. Kowanne sai an yi gwajin jini da hoton ciki.

Ka ba Baffa haƙuri. Mai ɗori ba ya ganin saifa, in kuma ƙashin ƙugu ya karye, ja da murza ƙara zubar jinin suke yi. Kada a sayo masa diclofenac a kemis, yana cutar da ƙoda. Kada a ba shi abinci ko ruwa, wataƙila tiyata za a yi.

Ba kwa buƙatar takardar 'yan sanda. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti korar mai larurar gaggawa. Ku adana rasit da takardun asibiti, a bakin aiki ya ji rauni, kada mai motar ya sallame ku da "Allah ya sawwaƙe".