Kayan zaƙi don masu ciwon suga: wanne ya kamata in saro?

Tambaya: Ina da kantin kayan masarufi kusa da wani asibiti a Kano. Masu ciwon suga sukan shigo neman ƙwayar gulukos da ake tsotsa idan suga ya sauka. Ta waje ce, ga tsada, kuma takan daɗe a kanta ba a saya ba. In ƙara zuba jari a cikinta, ko akwai abin da ya fi araha?

Amsa: Alhaji, kada ka binne jarinka a ƙwayar nan. Ka ajiye kaɗan saboda masu hali da waɗanda likita ya ce lallai ita za su sha, sauran kuɗin kuma ka sa su a kayan da suke cikin kantinka tun tuni.

Idan sugan mutum ya yi ƙasa da 70 a na'urar gwaji, ko 3.9 a ɗaya ma'aunin, zai fara zufa, jiki na rawa, ga jiri da yunwa da faɗuwar gaba. An fi ganin haka ga masu allurar insulin da masu shan ƙwayoyin maganin suga irin su glibenclamide, musamman idan sun sha magani ba su ci abinci ba. Abin da likitoci ke koyarwa shi ne a sha giram 15 na sukari mai saurin shiga jini, a jira minti 15, a sake gwadawa, idan bai hau ba a ƙara. Wannan giram 15 ɗin shi ne hajarka. Da shi za ka auna tsada da araha, ba da kuɗin kwali ba.

Ƙwayar gulukos ɗaya yawanci giram 4 ce, don haka sai an sha huɗu. Sukarin gari, na Dangote ne ko na BUA, kimanin cokalin shayi uku zuwa huɗu a ruwa ya wadatar. Sukari mai ƙwaya irin St. Louis, kamar uku. Ka ɗauki kuɗin da ka saro kowanne, ka raba da yawan shan da zai fita a ciki. Za ka ga tazarar da ke tsakanin sukari da ƙwayar waje ba ƙarama ba ce, alhali ga yawancin mutane aikinsu kusan ɗaya ne. Garin Glucose-D yana tsakiya: ya fi ƙwayar araha, kuma shi ya dace da mai shan wani maganin suga da ake kira acarbose, domin wannan magani yana hana sukarin gida narkewa da wuri.

Ni a ganina sukari mai ƙwaya ya fi dacewa da kantinka. Ba ya buƙatar cokali ko kofi, kuma ba ya narkewa a aljihu lokacin bazara yadda alewa ke yi har ta manne da ledarta. Ka saro katan a Kasuwar Singa, ka sami ƙananan ledoji masu rufewa, ka riƙa zuba uku-uku da hannu mai tsabta. Direban Adaidaita zai jefa ƙulli biyu a aljihun gaba, dattijuwa ta sa a jaka, wani ya ajiye a gefen gado saboda tsakar dare. Amma ka sani, ranar da ka buga suna da tambari kana rarraba wa wasu shaguna, ka shiga hurumin NAFDAC.

Alewa da minti ma suna aiki, sai dai ka karanta bayan leda ka san guda nawa ke cika giram 15, ka rubuta a kwali ka manna a kanta. Duk wadda aka rubuta babu sukari a cikinta, kada ka miƙa wa mai wannan larura, ko da ya ce ai shi mai ciwon suga ne. Cakulan kuma kitsen cikinsa yana jinkirta shigar sukari jini. Lemon kwalba mai cikakken sukari yana da sauri, amma kimanin rabin kofi ake buƙata, kuma mutum a firgice zai shanye robar duka, suga ya haye sama. Ka fi sarin ƙanana.

Ribar ƙullin sukari ba za ta gina maka gida ba, kuma ina roƙonka kada ka tsawwala a kansa, domin mai saye ba don marmari yake saye ba. Ribarka tana wajen dawowarsa. Mai ciwon suga yana zuwa asibiti a kai a kai, sau da yawa da ɗan rakiya, kuma inda ya sami wanda ya fahimci halinsa nan zai sayi sabulu da shayi da sauran cefane. Ka je wajen ma'aikatan jinya na sashen masu suga, ka nuna musu ƙullin, su duba ma'aunin. Idan sun gamsu, su da kansu za su riƙa turo maka mutane. Maganin kansa kuwa, insulin da ƙwayoyi, ka bar wa masu lasisi.

Ka ƙara kaya gab da azumi, saboda saukar suga na yawaita ga masu shan magani da suka ɗauki azumi, kuma likitoci sun ce wanda sugansa ya yi ƙasa da 70 ya karya. Ka koya wa yaran kantinka abu ɗaya tun yau: wanda ya suma ko ya kasa haɗiya, ba a ɗura masa komai a baki, don zai iya shaƙewa. A kwantar da shi ta gefe, a garzaya da shi asibitin da ke kusa da ku.