Amsa kan Gidajen Sarautar Zazzau: Karɓa-karɓa ce ko Takara?

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa a Zazzau ba kasafai ɗa yake hawa gadon ubansa ba kamar yadda aka saba gani a Kano, kuma wai da gaske ne akwai tsarin karɓa-karɓa tsakanin gidaje huɗu. Na ga wasu sun amsa maka da "eh, juyi ake yi" sun wuce. Ni a cikin ganuwar Zariya na tashi, wannan zance kuwa tun muna yara muke jin sa a zaure da bakin masallaci, don haka bari in ɗan tsawaita.

Gidajen huɗu gaskiya ne: Mallawa, Barebari, Katsinawa da Sulluɓawa. Amma layi irin na adashi, wanda kowa ya san ranar kwasarsa, babu shi. Takara ce, kuma tun asali wanda yake yanke ta ba a Zariya yake zaune ba. Da Sakkwato ce, sai Turawa, yanzu gwamna.

Tushen abin yana wajen jihadi. Lissafin fada yana farawa ne daga 1804, lokacin da Malam Musa Bamalli, wanda ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya shiga birnin. Sarkin Haɓe na lokacin, Makau, ya fice ya yi kudu wajen Zuba da jama'arsa. Ƙaninsa Abu Ja shi ya kafa garin Abuja a 1828, garin da ya koma Suleja bayan an ɗauki sunan an bai wa babban birnin tarayya. Shi ya sa har gobe za ka ji ana cewa Sarkin Zazzau Suleja. Wato tsohon gidan bai mutu ba, ƙaura ya yi da sarautarsa.

To Malam Musa ba shi kaɗai ya ci garin ba. Yana tare da manyan malamai, kowa da jama'arsa da mayaƙansa. Akwai Yamusa, Bafulatanin da asalin gidansu daga Barno yake, akwai Malam Abdulkarim wanda nasu suka fito daga ƙasar Katsina. Irin waɗannan mutane ba za ka ce musu ku koma gefe, ni da 'ya'yana ne kaɗai ba. Da Malam Musa ya rasu a 1821, sai aka naɗa Yamusa, ba ɗan Musa ba. Da Yamusa ya rasu a 1834, sai aka ba Abdulkarim. Sarakuna uku na farko, gidaje uku daban-daban: Musa na Mallawa, Yamusa na Barebari, Abdulkarim na Katsinawa. Daga nan kowane gida ya samu abin da ake kira gado, domin wanda kakansa ya taɓa zama a karaga ba mai hana shi nema. Sulluɓawa sun shigo daga baya da Sarki Abdussalami, kuma shi kaɗai ne suka taɓa yi. Abdulkarim ɗin nan, af, a zamaninsa Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina masallacin Juma'a na ƙofar fada. In ka je Zariya ka nemi a shiga da kai ɓangaren tsohon ginin, ka ɗaga kai ka dubi bakan gizon da aka ɗaure rufin da shi, ƙasa da azara kawai. Za ka san mutanen nan ba yaƙi kaɗai suka iya ba.

Kwatanta da Kano, inda tun da Ibrahim Dabo ya hau a 1819 sarauta ba ta bar zuriyarsa ba. Rigimarsu ta cikin gida ɗaya ce. Tamu ta tsakanin gidaje ce, kuma hakan ya yi wa Sakkwato daɗi ƙwarai. Wazirin Sakkwato shi ne ƙofar Zazzau, ta hannunsa ake naɗi, ta hannunsa ake tuɓewa. Tunda kullum akwai gida biyu ko uku da suke jira a gefe, sarkin da ya ɗaga kai ya san akwai mai maye gurbinsa. An tuɓe Sidi Abdulƙadir ɗan Malam Musa bai daɗe a kai ba. Abdullahi na gidan Barebari an cire shi, an maido shi, an sake cire shi. Sambo na Katsinawa shi ma tuɓe shi aka yi. Ba wata masarauta babba a daular da Sakkwato ta riƙa sa hannu a gadonta haka.

Abin da dattawa suka fi jaddada mana shi ne yadda wannan ya shafi rayuwar gidajen. Sabon sarki in ya hau, sai ya sauke da yawa daga masu riƙe da sarautu na gidan da ya gabata, ya ɗora nasa 'ya'ya da barori. Madaki, Ɗan Galadima, Wambai, Iya, duk ana iya juya su. Saboda haka kowane sarki yana gaggawar kafa wa zuriyarsa abin dogaro, gonaki da rinji, don ya san bayan ransa mai yiwuwa gidansa ya shekara talatin ba ya kusa da mulki. A ganina wannan ne ya sa 'ya'yan sarautar Zazzau suka saba da jira, kuma suka riƙe asalinsu gam. Yaro ɗan shekara goma a unguwa zai lissafa maka kakanninsa har zuwa kan mai tuta ba tuntuɓe. A hawan sallah ma kana gani: tawagar hakimi na tahowa, kafin ka hango fuskarsa a cikin amawali, maroƙa sun riga sun faɗa maka ko jikan wane ne, tsofaffin mata a bakin hanya suna rangaɗa guɗa in nasu ne ya zo wucewa.

Yanzu ga hujjar da take rushe maganar juyi. Kwasau ya gaji ubansa Yero kai tsaye a 1897, dukansu Barebari, kuma da ƙarfin mayaƙansa ya hau, ba don haka Sakkwato ta so ba. A zamaninsa Turawa suka shigo, suka cire shi suka kai shi Lakwaja. Suka ɗora Aliyu ɗan Sidi na Mallawa, malami kuma mawallafin waƙoƙi, shi ma a 1920 suka sauke shi, ya ƙare a Lakwajan. Daga nan fa sai Barebari suka jera uku: Dallatu, Ibrahim, sai Ja'afaru ɗan Isiyaku daga 1937 zuwa 1959. Kusan shekara arba'in gida ɗaya. Sannan Katsinawa suka karɓa, Muhammadu Aminu daga 1959 zuwa 1975, Shehu Idris daga 1975 har Allah Ya karɓi ransa a Satumban 2020. Shekara 61 ke nan a jere. Ina juyin yake? Da layi ake bi, Mallawa ba za su shekara ɗari cif suna kallo ba, Sulluɓawa kuwa da tuni an waiwaye su.

Abin da ya faru a 2020 duk mun gani. Masu zaɓen sarki a lokacin biyar ne: Waziri, Fagaci, Makama Ƙarami, Limamin Juma'a da Limamin Kona. Su suke tace masu nema su miƙa sunaye, gwamna ya sa hannu. Manyan 'yan takara sun fito daga gidaje uku, ciki har da Iyan Zazzau Bashir Aminu na Katsinawa, da Yarima Munnir Ja'afaru na Barebari, da Magajin Gari Ahmad Nuhu Bamalli na Mallawa. Garin ya yi makonni a tsaye, kowane mai shayi ya zama masanin tarihi, jita-jita ta safe daban ta yamma daban. Ranar 7 ga Oktoba Gwamna Nasiru El-Rufa'i ya bayyana Ahmad Nuhu Bamalli a matsayin sarki na 19 a jerin Fulani. Iya ya garzaya kotu, sai dai Allah Ya yi masa rasuwa a farkon 2021. Magoya bayan naɗin sun kafa hujja da daɗewar da Mallawa suka yi ba su yi ba, masu ja kuma suka kafa da abin da masu zaɓe suka miƙa. Ka ga ke nan kowa yana ɗauko maganar juyi ne ranar da ta yi masa rana, ya ajiye ta ranar da ba ta yi ba.

Wani daga cikin waɗanda suka amsa maka ya kawo Sarauniya Amina da Bakwa Turunku cikin lissafin gidajen nan. A'a, su na zamanin Haɓe ne, ɗaruruwan shekaru kafin jihadi, kuma masu gadon wannan layin su ne na Suleja. In za ka rubuta wani abu a kan batun, ka raba jerin sarakunan biyu, na Haɓe daban, na Fulani daban daga Malam Musa, sannan a gaban kowane suna ka sa gidansa. Allah Ya jiƙan magabata.