Robar motsa kafaɗa ga mai jifa a besbol: wacce za a saya?

Tambaya: Ɗana ɗan shekara 12 ne, shi ke jifa a ƙungiyar besbol ta yara a nan Bronx. Koci ya ce a saya masa robar motsa kafaɗa. Na ga kala-kala har na rasa ta ɗauka. Daga wata uwa a New York.

Amsa: Hajiya, kwantar da hankalinki, ki saya masa mai laushi. A jerin robobin kamfanin TheraBand, launi ne ke nuna tauri: rawaya ta fi ja laushi, sai koriya, shuɗiya, baƙa. Rawaya ko ja ta ishe shi. Tsokoki huɗun da ke riƙe kan ƙashin damtse a gurbinsa ƙanana ne, in roba ta yi tauri sai manyan tsokoki su ƙwace aikin.

Ya ɗaure ta daidai tsayin gwiwar hannunsa, ya matse naɗaɗɗen tawul tsakanin gwiwar da haƙarƙari, ya buɗe hannu waje sau 10 zuwa 15, zagaye biyu ko uku. Sannan ya juya ya jawo ta wajen cikinsa. Kada ya bari robar ta fizge hannun wajen dawowa, ya ƙirga uku. Tsokokin bayan kafaɗa su ne birkin hannu bayan an saki ƙwallo.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne jabu. Mutum ya kashe kuɗi a kan takalmi da safar kamun ƙwallo, ya zo kan roba ya ɗauki mafi araha a intanet, marar sunan kamfani, mai ƙugiyar leda. Arha ba ta ado! Abin nan ana jan sa ne kusa da fuska, in ya tsinke ko ƙugiya ta ɓalle, ido yake nema. Launin jabu ma ba ya nuna ƙarfinta. Ta ƙwarai kuma rana da zafi na cinye ta, don haka kada a bar ta a mota. A duba ta kafin kowane amfani, in an ga tsaga ko ta fara danƙo a jefar. Kada a ɗaure ta a wayar shinge mai kaifi.

Tambaya: In na sayi baƙar roba, jifana zai ƙara gudu kafin gasar mako mai zuwa? Daga wani matashi a Chicago.

Amsa: A'a. Ƙarfin jifa daga ƙafa da ƙugu yake tasowa, kuma ba a gina tsoka a mako guda. Adana kuɗinka.

Tambaya: Yarona ɗan shekara 13 yana kukan ciwon kafaɗa in ya yi jifa. Roba za ta warkar da shi? Daga wani uba a Houston.

Amsa: Malam, Allah ya ba shi lafiya, kuma ka kyauta da ka saurare shi. Ya dakatar da jifa, a kai shi wurin likita kafin a sayi komai. A shekarunsa ƙashin damtse bai gama haɗewa ba ta sama, yawan jifa na iya taɓa wurin da yake girma. In ya warke, ka riƙa ƙirga masa da kanka: ƙa'idar Pitch Smart, wato jagorar kare hannun yara masu jifa a besbol a Amurka, ta kayyade wa 'yan shekara 13 da 14 jifa 95 a rana, kuma wanda ya kai 66 sai ya huta kwana huɗu.