Sitaf ɗin da ke takardarki da maƙogwaron yaronki

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Sau biyu na karanta tambayarki. Kin ce tun da kika haifi ɗanki, mai shekara 7 yanzu, ba ki sake samun ciki ba, an yi miki gwaji aka ce "sitaf" ne, kin sha allurai kin sha jiƙo jarka-jarka, gwaji na uku ma ya sake nuna shi. Can ƙasa kuma kika ƙara layi ɗaya kamar abin da bai da muhimmanci: yaron yana yawan ciwon maƙogwaro da zazzaɓi, kakarsa ta ce a kai shi wurin wanzami a cire beli. To wallahi wannan layin ne ya sa na ajiye abin da nake yi na zauna rubutu.

Na daɗe ina aikin jinya, yawanci a ɗakin yara, kuma takarda irin taki na ga ta fi a ƙirga. Ƙwayar sitaf, wato wani nau'in bakteriya, maƙwabciyarmu ce. Kusan mutum ɗaya cikin uku yana ɗauke da ita a hanci, wasu a fata ko hammata ko matsematsi, suna cikin ƙoshin lafiya. Idan aka ɗauki fitsari ko aka goga auduga a gaban mace ba a kiyaye ba, sai ta biyo daga fata ta tsiro a farantin da ake rainon ƙwayoyin cuta a ɗakin gwaji, mai gwaji ya rubuta abin da ya gani. Shi bai yi ƙarya ba, amma ganin ƙwaya a faranti daban, ciwo daban. Shi ya sa kike ta kashe kuɗi tana dawowa: ai gidanta ne. Masu lasifika a tasha da bakin kasuwa sun gane tsoron da sunan yake ba mata, sai suka ɗora masa komai, daga ciwon baya har rashin haihuwa da motsi a jiki. Ƙaiƙayi da farin ruwa mai kauri a gaban mace sau da yawa na fungas ne, wata ƙwaya ce daban da bakteriya, kuma yawan shan maganin kashe bakteriya ƙara shi yake yi. Cututtukan da aka sani da toshe hanyar ƙwai, irin su ciwon sanyi (gonoriya) da kilamidiya da ake ɗauka ta wajen saduwa, gwajinsu daban ne. Ki je wurin likitan mata, kuma ki lallaɓa maigida ya bi ki a duba maniyyinsa, don matsalar ba kullum daga mace take ba.

Ba ina cewa sitaf ba ta cuta ba ne. Idan ta samu ƙofa ta shiga, ita ce maruru, ita ce ƙurji mai mugunya, ita ce kumburin nonon mai shayarwa, da ruɓewar cibiyar jariri. Tana iya kaiwa ƙashi ko jini, a nan kam sai an kwantar da mutum. Maruru ƙarami gashi da ruwan ɗumi ya ishe shi, babba sai an tsaga an fitar da mugunyar, don magani ba ya shiga cikinsa sosai. Wanda ya fito tsakanin hanci da leɓe kada a matsa shi ko kusa. Mai yawan maruru kuma ya auna suga. Kuma wannan ɗabi'a tamu ta sayen Ampiclox guda huɗu a kemis a sha kwana ɗaya, ita ke koya wa ƙwayar taurin kai. Abin dariya, a kan farantin sitaf wani masanin kimiyya mai suna Fleming ya gano maganin penisilin a 1928, amma yau yawancin sitaf ba ta jin penisilin ɗin, kuma tun 1961 aka ga a Ingila irin da ta bijire wa maganin da aka yi don maye gurbinsa.

Yanzu ga maganar yaro. Ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya haka ya fara. Yana aji huɗu, maƙogwaro ya kama shi da zazzaɓi, aka kira wanzami ya yanke beli, kwana kaɗan ya warware, kowa ya ce aiki ya yi kyau. Da ma ciwon yakan lafa da kansa, an yanka ko ba a yanka ba. Bayan kamar mako uku gwiwarsa ta kumbura, ta saki ta koma idon sawu, ta koma gwiwar hannu. Aka ce sanyin ƙashi ne, aka shafa man zafi. Sai da ya kai shekara 16 yana haki idan ya ɗebo ruwa, ƙafa na kumbura, ba ya iya kwanciya sai da filo uku, sannan hoton zuciya ya nuna ƙofar zuciyarsa ta lalace. Lokacin ina makarantar koyon jinya, na buɗe littafi na ga labarinsa a rubuce tiryan-tiryan. Har yau abin yana ci mini rai.

Ƙwayar da ke yin wannan ita ce sitirep, wata bakteriya daban da sitaf. Ba ita ce ke cin zuciyar da kanta ba. Jiki ne yake haɗa sojojin yaƙarta, sai su rikice su afka wa gaɓoɓi da ƙofofin zuciya. Yara 'yan shekara 5 zuwa 15 ta fi kamawa. Yawancin ciwon maƙogwaro na mura ne, mai zuwa da tari da majina, shi ba ya buƙatar maganin bakteriya. Na sitirep yakan zo farat ɗaya da zazzaɓi mai zafi, haɗiyar yawu da ƙyar, kaluluwa a wuya mai ciwo idan an taɓa, farin abu a gefen maƙogwaro, kuma galibi babu tari. Idan kin ga haka, asibiti a ranar.

Abin da ke ba ni takaici shi ne arhar maganin. Ita sitirep ta maƙogwaro har yau tana jin penisilin. Ko dai a sha penisilin ko amoksisilin kwana 10 cur, ko allurar benzatin, wato penisilin mai daɗewa a jiki, guda ɗaya. Kwana goman nan ne wuyar, don yaro yana warwarewa a kwana na uku uwa ta ɓoye sauran kwalbar don gaba. Kada ki yi haka, ki ƙarar da shi. Idan ya taɓa yin ƙuraje ko kumburin fuska bayan shan penisilin, ki faɗa wa likita tun kafin ya rubuta, akwai madadinsa. Wanda ciwon gaɓoɓin ya riga ya kama kuwa, allura ce duk mako uku ko huɗu, shekara da shekaru. Ƙanena ya sha ta har ya haddace ranakun.

Ki kuma duba fatarsa. Ƙazuwa ko ƙurajen da yara ke sosawa har su yi ɓawo kalar zuma, sitirep da sitaf duk suna shiga ta nan, kuma idan sitirep ce, bayan makonni ƙoda kan iya kumbura. Alamar ita ce fuska ta tashi da safe, fitsari ya ragu ya koma kalar shayi.

Batun kaka, kada ki yi musu da ita, ba za ki ci riba ba. Ki ce wa babansa shi ya yi mata magana, ya ce a fara kai shi likita ya leƙa maƙogwaron tukuna. Idan kun je, ki faɗi sau nawa ciwon ya taso a bana, ki faɗi ko ya taɓa kukan gwiwa ko saurin gajiya wajen wasa, kuma ki roƙa a saurari ƙirjinsa. Allah Ya ba shi lafiya, ke kuma Ya kawo rabo mai albarka.