Tambaya da Amsa: Tabon da Ya Ƙi Ɓuya a Ƙarƙashin Fenti

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Bara kafinta ya yi mana firam ɗin ƙofofi da katakon da ake zagaye ƙasan bangon falo da shi, aka shafa musu farin fenti. Da zafin bazara ya shigo sai wasu tabo masu ruwan ƙasa, kewayayyu kamar kwabo, suka fito. Mai fenti ya sake shafawa har sau biyu, amma sun dawo. Ko fentin ne jabu? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya. Kada ki ɗora wa fenti laifi, kuma ki dakatar da mai fentin kafin ya ɓata miki gwangwani na uku. Abin da kike gani ƙullin katako ne, wato gurbin da reshe ya tsiro tun itacen na tsaye. A nan ƙaro yake taruwa, musamman a katakon fayin, farin nan mara nauyi da ake yin akwatunan kaya da shi. Idan zafi ya buge shi sai ƙaron ya narke ya keto fenti, ko shafi nawa aka yi. Shi ya sa ba ki gan shi da hunturu ba.

Ni ma na taɓa shan wannan kunyar. Ina sabon fita daga hannun maigidana na yi wa wata amarya kabad, fari tas. Wata huɗu ba su cika ba mahaifinta ya aiko a kira ni. Na tarar da tabo bakwai a murfi ɗaya, na dangwala yatsa a kan guda, na ji yana danƙo, ga ƙamshin itacen kamar ranar aka yanko shi.

Maganin shi ne a toshe ƙullin kafin fenti ya hau, kuma ban ga abin da ya kai shelak ba. Wani danƙo ne da ƙananan ƙwari ke fitarwa a jikin itatuwa a Indiya da Tailan, ana narka shi a sifirit. Idan ya bushe, ƙaro ba ya iya ratsa shi. Ana samunsa a haɗe, irin su Zinsser B-I-N. In ba a samu ba, a nemi firaimar katako mai garin alminiyom, wato shafin farko da ake yi kafin fenti, ita ma tana riƙewa, sai dai launin toka ce, za ta ci farin fenti kafin ta ɓuya.

Mai aikin ya kankare fentin da ke kan kowane tabo da samfefa mai lamba 120 har katakon ya bayyana, ya goge wurin da tsumma mai sifirit. In ƙaron na tsattsafowa, ya ɗumama wurin da na'urar hura iska mai zafi, ya kankare abin da ya fito. Sannan ya ɗora shelak siriri, ya zarce bakin ƙullin da kamar faɗin yatsa. Bayan awa guda ya ƙara na biyu. Nan ne masu gaggawa ke faɗuwa: su lafta shafi ɗaya mai kauri su wuce, alhali siraran biyu sun fi shi riƙo. Idan ya bushe a bi shi da samfefa mai laushi, 220, don kada gefensa ya nuna, sai a yi wa katakon fenti daga kusurwa zuwa kusurwa, ba ɗigo-ɗigo ba.

Ki sa a danna kowane ƙulli da kan ƙusa. Wanda ya motsa ko ya tsage, shelak ba zai cece shi ba. A ƙwaƙule shi, a shafe ramin da shelak, a cike da filar da masu gyaran jikin mota ke amfani da ita, a goge ya daidaita kafin fenti.