Daga Shere zuwa Chappal Waddi: Na Shirya Kuwa?

Tambaya: Malam, ni matashi ne daga Unguwar Rogo a Jos. Kusan duk Asabar ni da abokaina muna hawan duwatsun Shere, kuma ba ma jin jiki. Yanzu muna so mu hau Chappal Waddi. Wannan horon ya ishe mu?

Amsa: Ɗan'uwa, Shere ya ba ka ƙafa da numfashi, amma bai koya maka kurmi ba, kuma wahalar Chappal Waddi a cikin kurmi take.

Wannan dutse, wanda ake kuma kira Gangirwal, shi ne mafi tsawo a Najeriya, mita 2,419, yana jihar Taraba dab da iyakar Kamaru, a cikin gandun dajin Gashaka-Gumti da aka kafa a 1991. Ƙololuwar Shere kuwa wajen mita 1,800 ce, Jos kanta tana sama da mita 1,200. Ka ga ke nan jikinka ya riga ya saba da tudu. Jiri da ciwon kai irin na ƙarancin iska galibi daga mita 2,500 suke farawa, don haka ba su ne abin tsoronka ba.

A Shere kana tafiya a kan falalen dutse, idonka na ganin gari, in ka gaji ka juya ka ci abincin rana a gida. Can kuwa tafiyar kwanaki ce da kaya a baya. Ƙarƙashin bishiyoyi ƙasa ba ta cika bushewa ba, saiwoyi da gansakuka suna da santsi, ga rafuka da za a tsallaka. Hazo yana iya rufe hanya cikin ɗan lokaci, ka rasa gabas ka rasa yamma, waya kuma ba sabis. Shi ya sa nake roƙonka, don Allah, kada ku shiga ba tare da izinin hukumar gandun ba, wadda hedikwatarta ke Serti a kan hanyar Jalingo zuwa Gembu. Su za su haɗa ku da jagora, su kuma faɗa muku halin tsaro a lokacin. Abin da suka ce shi za ku bi.

Ku je da rani, tsakanin Disamba da Maris. Da damina rafukan nan sukan cika su yi toroƙo.

Sanyi fa? Duk mita 1,000 da ka ƙara sama, zafi yana raguwa da kusan digiri 6, ga iska idan an fita daga kurmi an shiga filin ciyawa na sama. Ko ɗan Jos sai ya nemi rigar sanyi mai kauri lokacin alwalar asuba. Guzuri kuwa mara nauyi: dabino, ƙuli-ƙuli, kilishi, garin kwaki. Ruwan rafi a tafasa shi.

Abin da mutane suka fi rainawa shi ne gangarowa. Nan gwiwa ke kuka, nan aka fi zamewa, domin an gaji kuma ana ɗokin gida. Ka riƙe sanda, kuma kada ka sa sabon takalmi, zai tayar maka da bororo tun ranar farko.

Kafin tafiya, ku hau Shere kwana biyu a jere, Asabar da Lahadi, kowa da jaka mai kilo 10 a baya. Ku yi haka sau huɗu. Wanda ya tashi ranar Litinin yana takawa daidai, da shi za a tafi Taraba.